Sharar da Na Yi a Gindin Kaka

Litinin, 3 ga Yuni

Na gama littafin da matar direba ta ara mini tun kafin la'asar. A ƙarshe mijin ya tsaya cikin ruwan sama da furanni a hannu har riga ta manne masa a jiki, ita kuma tana leƙensa ta taga tana jan aji. Na ɗan yi kuka. Da na ɗago kai sai ga nawa mijin a bakin ƙofa yana ƙwaƙule laka daga takalminsa da tsinke.

Shekararmu biyu ke nan a gidajen ma'aikatan gandun dajin nan. Furanni ta ko'ina, in na buɗe taga ƙamshinsu ke riga iska shigowa, amma ko ɗaya bai taɓa kawo mini ba. Doka ce. Ba a tsinka, ba a tumɓukewa, ko busasshen reshe ba a fita da shi. An rubuta da jan fenti a allon ƙofar shiga. Na taɓa ce masa, "To ko wanda ya faɗo da kansa fa?" Ya ce, "A'a, Amarya." Shi ke nan, an gama hira.

Har yau Amarya yake ce mini. Wani lokaci ina zargin sunana ne ya ɓace masa.

Alhamis, 6 ga Yuni

Idonsa na hagu da reshe ya tsokane watannin baya ya ƙi warkewa. Asibiti sun ce aiki za su yi, ya je ranar Talata, kuma zai kwanta mako uku. Na ce zan bi shi in yi jinya. Ya ce ƙaninsa zai zauna da shi, ni akwai abin da yake so in yi masa a nan. Bai faɗi ko mene ne ba.

Na gaya wa matar direba ta kan katanga. Ta ce, "Baban Furanni zai bar 'ya'yansa mako uku? Lallai idon ya kai ido!" Haka duk ma'aikata ke kiransa, Baban Furanni. Ina yin dariya in sun faɗa, amma ba har ciki ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Yau ya kai ni cikin daji. Ba hanyar baƙi mai alluna da bencina ba, can ciki, inda aka kewaye da waya. Mun fi awa muna tafiya. Ban taɓa sanin haka cikin yake ba. Da rana tsaka amma duhu-duhu kamar ɗakin da aka saki labule, ga sanyi, ƙasa kuma laushi, ƙafa tana nutsewa cikin ganye har idon sawu. Ya ce ba a taɓa sa gatari a wannan ɓangaren ba, ba wanda ya san shekarun bishiyoyin.

Akwai wata da suke kira Kaka. Mutum shida sai sun riƙe hannu kafin su zagaye ta. Rabinta ya mutu, wani ƙaton reshenta ya faɗo tuntuni yana ruɓewa a ƙasa. Maigida ya durƙusa a gefen reshen ya ce, "Zo ki gani." Da farko ban ga komai ba. Sai can. Wasu 'yan tsirrai farare ƙal, tsawon ɗan yatsa, ba ganye ko ɗaya, kowanne da ɗan fure a kai ya sunkuyar kamar mai jin kunya. Suna da wani dogon suna na masana da harshena ya kasa, amma ma'aikata kyandir suke ce musu. Kuma kamar kyandir ɗin suke.

Sha tara ne. Ya ce a iya sanin masana babu sauran irinsu sai a gindin bishiyar nan. Suna kwance a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, sai sun ga dama su fito. Rabon da su fito shekara bakwai. Nan da wata ɗaya za su yi iri, Dakta, shugabar masu kula da tsirrai, za ta dawo daga tafiya ta ɗiba. Daga shi sai ita suka san wurin, saboda masu satar tsirrai. Sauran ma'aikata kuwa, in ji shi, bakinsu ba ƙofa.

"Duk kwana uku ki zo. Ki ƙirga, ki rubuta, ki koma. Kar ki taɓa komai. Kar kowa ya sani, don ko ke bai halatta in kawo ba."

Abin da zan rubuta yanzu kunya nake ji. Yadda ya kalle su. Muryarsa har ta sauka, kamar yana tsoron ya tashe su daga barci. Shekara biyu ina jiran kallon nan, ashe yana da shi. Ajiye shi ya yi a daji.

Amma ni ya kawo. Ni kaɗai. Wannan ma wani abu ne, ko?

Talata, 11 ga Yuni

Ya tafi. Da motar za ta tashi na zaci zai ce wani abu. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ki sa takalmi mai rufi."

Juma'a, 14 ga Yuni

Na je ni kaɗai da makullin shingen da ya bar mini, ko tsuntsu ya motsa sai in waiwaya. Sha tara, cif.

Sai dai wurin, kai! Ranar da muka je tare ban lura ba don shi nake kallo. Ƙazanta ce zalla. Ganye ya ruɓe ya yi baƙi, yana wari irin na tsohon rumbu. Na sa tsinke na ɗan ɗaga, sai ga wata farar fumfuna kamar zare ta bi ko'ina, har ta kai gindin furannin ta nannaɗe. Ga tururuwa, ga dodon koɗi. Inna ta sha gaya mana ruɓaɓɓe ba ya kwana kusa da mai kyau, ko albasa ce sai an ware. Namiji dai namiji ne. Shekara sha ɗaya yana zuwa wurin nan, kuma bai taɓa tunanin ya ɗan gyara musu ba.

Litinin, 17 ga Yuni

An yi aikin lafiya. Ƙaninsa ya ba shi waya. Ya ce, "Nawa?" Na ce, "Ya jiki dai tukuna?" Ya ce, "Da sauƙi. Nawa?" Na ce sha tara. Ya ce alhamdu lillahi, ya miƙa wayar.

Na so in faɗa masa zancen fumfunar. Na fasa. Mai ciwo, ga shi nesa, me zai yi in ban da damuwa?

Matar direba ta shigo da sabon littafi ta tarar na yi tagumi. Ban gaya mata sirrin ba, na dai ce ina so in yi masa wani abu kafin ya dawo, abin da zai sa ya dube ni da kyau ko sau ɗaya. Ta ce, "Ke dai 'yar nan, littafi ya gama da ke. Wa ya ce miki maza na gani? Nawa, na sauya labule wata uku, jiya yake tambaya ko wankewa na yi." Muka yi ta dariya. Ta ce, "Amma gwada. Naka da ido ɗaya zai dawo, ƙila ya fi gani."

A littafin akwai wata da mijinta ya yi tafiya, ta gyara lambun marigayiyar uwarsa ita kaɗai. Da ya dawo ya tsaya, bai iya magana ba.

Laraba, 19 ga Yuni

Na yi! Bayana kamar ya ɓalle, amma na yi.

Na ɓoye tsintsiya a cikin zani na fita da sassafe. Kusa da furannin ban sa tsintsiya ba, da hannu na bi a hankali, ganye ɗaya-ɗaya, ina zare farin zaren nan daga gindinsu. Abin ya yi nisa cikin ƙasa fiye da yadda na zata. Na kwashe ganyen a zani, sahu goma sha huɗu, na zuba a wani kwari can gefe. Ɓaragurguzan ruɓaɓɓen reshen ma na kwashe, babban ne kawai ya fi ƙarfina. Sannan na share tas har ƙasa ta fito fili. Na ɗebo fararen duwatsu a rafi na jera musu da'ira, na yayyafa musu ruwa.

Da na ja baya na duba, wallahi sai da hawaye ya zo mini. Sha tara a tsaye, farare, a kan ƙasa mai tsabta, kamar an kunna su. Yanzu ne suka fito. Na riƙa hango shi ya dawo ya tsaya a inda nake tsaye, ya juyo ya ce... ban san me zai ce ba. Ko sunana kawai.

Asabar, 22 ga Yuni

Sha tara. Amma farin ya ɗan dushe, kamar rigar da ta sha wanki. Ƙila gajiyar gyara ce, mutum ma in an yi masa aski sai ya kwana biyu kafin ya dawo daidai. Ƙasar ta bushe ta yi tauri. Na ƙara ruwa.

Talata, 25 ga Yuni

Takwas sun kwanta. Sun yi ruwan ƙasa, sun yi laushi kamar an dafa. Na tallafe ɗaya da ɗan yatsa, ya narke mini a hannu.

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Fumfunar ce ta riga ta kama su kafin in zo. Ita ce. Dole ita ce.

Juma'a, 28 ga Yuni

Huɗu.

Ya kira. "Nawa?" Na ji bakina ya ce sha tara. Ya yi ajiyar zuciya, har ya yi 'yar dariya, ya ce, "Sannu, Amarya. Allah Ya yi miki albarka." Bai taɓa faɗa mini haka ba. Sai yau.

Litinin, 1 ga Yuli

Babu. Da'irar duwatsu kawai.

Laraba, 3 ga Yuli

Ya dawo, da auduga a ido da baƙin tabarau. Ya rame. Ya kawo mini littafi. Ya ce ya ga mata na saye a bakin asibiti, ya ce wa mai shagon ya ba shi wanda ya fi sa kuka. Na karɓa na shige kicin na toshe baki da gefen mayafi.

Sau uku na buɗe baki yau. Sau ukun nan ruwa nake tambayarsa ko zai sha.

Likita ya ce ya huta mako guda. Shi kuwa ya ce jibi zai shiga daji.

Juma'a, 5 ga Yuli

Na bi shi. Bai ce in zo ba, ya dai yi murmushi da ya ga na sa takalmi. A hanya har hira yake, yana nuna mini abubuwa da sanda: wannan ta girmi kakan kakanki, wannan ba ta fure sai an yi tsawa. Ni kuwa ina biye ina jan ƙafa. Na ce a raina zan faɗa masa in mun kai rafi. Muka wuce rafi. Na ce in mun kai wayar shinge. Muka wuce waya.

Ƙafarsa ce ta fara sani. Kaka ta tare mana gani, ba mu zagaya ba tukuna, amma takunsa ya sauya sauti, daga laushin ganye zuwa ƙasa mai tauri. Ya tsaya cak. Ya sake taka wurin. Sannan ya zagaya.

Ya cire tabarau. Ya durƙusa. Ya shafa ƙasar da tafin hannu, ga sawun tsintsiya nan layi-layi, ruwan sama ma bai goge mini shi ba. Ya ɗauki farin dutse ɗaya ya juya shi, ya mayar daidai inda yake.

Na fara zuba. Fumfuna, tururuwa, Inna, albasa, ban san me da me na faɗa ba. Ya bari na gama. Ya ce, a hankali, ba tare da ya juyo ba, "Farin zaren nan shi ne abincinsu. Ba su da ganye, ba sa cin rana. Shi ke ciyar da su, shi kuma ganyen ke ciyar da shi."

Na ce, "Ai ba ka gaya mini ba."

Ya ce, "Haka ne."

Da ma ya mare ni.

Tun da ya fara kai ni ya ce kar in taɓa komai. Na ji sarai ranar. Na dai ɗauka na fi shi sanin tsabta.

Litinin, 8 ga Yuli

A littafi a nan ake faɗa. A ɗaga murya, a fasa kofi, ta haɗa kaya, ya biyo ta tasha. Mu babu. Yana gaishe ni da safe, yana cin abin da na ba shi, yana cewa an gode. Ni nake ɗiga masa magani a ido sau uku a rana, sai ya kwantar da kai baya ya kalli rufi. Fuskata na saman tasa, amma rufi yake kallo.

Zancen ƙaryar da na yi a waya bai taɓa tayarwa ba. Ita ta fi ci na.

Juma'a, 12 ga Yuli

Dakta ta dawo. Na hango su ta taga sun nufi daji, ita da 'yar jakarta ta ɗibar iri, tana sauri kamar yarinya duk da furfurarta. Da suka fito ba ta sauri.

Da yamma ya zauna yana rubuta rahoto. Ya tashi alwala, na leƙa. Ya rubuta wai shi ya share wurin kafin ya tafi asibiti, don ya ga alamar cuta, kuma kuskurensa ne shi kaɗai. Babu ni a ciki ko a layi ɗaya.

Na ce, "Maigida, wannan ba gaskiya ba ne." Ya ninke takardar ya ce, "Wa ya kai ki wurin?"

Talata, 16 ga Yuli

An cire shi daga cikin daji. An mayar da shi ƙofar shiga, yana yagar tikiti yana duba jakunkunan baƙi. An karɓe makullin wayar shingen. Shekara sha ɗaya.

Na kai masa abinci da rana. Yana zaune a ɗan ɗakin katakon nan da bai fi bayan gida girma ba, ya juya wa dajin baya. Wani mai gadi ya wuce ya ce, "Baban Furanni, an dawo gari ke nan?" Ya yi murmushi ya ce an dawo.

Asabar, 20 ga Yuli

Na gaya wa matar direba komai. Na kasa riƙewa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Shara? A daji? Ke da wa kuka yi gasar tsabta, da birai?" Sai ta ga fuskata, ta jawo ni jikinta. Ta ce, "Yi shiru, ƙanwata. Ciyawa ce fa, ba rai ba. Yi wanka, ki ci ado, ki durƙusa ki yi masa kuka mai kyau. Ba namijin da ke jure wannan."

Na yi duka. Na sa atamfar da ya fi so, ko in ce wadda ya taɓa cewa ta yi. Na durƙusa. Kukan ma ba sai na ƙirƙiro ba. Ya kama hannuna ya tashe ni ya ce, "Na yafe tun a can. Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo." Ya ɗauki rediyonsa ya fita tsakar gida.

To in ya yafe, ina ya tafi?

Na ce masa ko in je gida wajen Inna in ɗan kwana biyu. Na faɗa ne don ya ce a'a. Ya ce, "In kina so." Na kira Inna na ce ina nan tafe, in na shirya.

Asabar, 27 ga Yuli

Kafin in tafi na ce sai na sauke abu ɗaya. Na je ofishin Dakta. Ɗaki cike da busassun ganyaye a manne a takardu, kowanne da lamba. Ban ko zauna ba na ce, "Ranki ya daɗe, ni ce na yi. Ba shi ba ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Na sani, 'yata. Mijinki ko tsakar gidansa ban yarda ya iya sharewa ba. Ga duwatsu kuma an jera kamar kwalliyar ɗaki."

Na ce to a mayar da shi, ni a yi mini duk abin da za a yi. Ta ce ba don shara aka cire shi ba. Don ya kai wanda bai sani ba inda bai kamata ba, ya kuma bar shi ba bayani. Wannan kuwa nasa ne, kuma ya san nasa ne. Ta ce ita ma tana da nata, da ta bar sirri a hannun mutum ɗaya mai ciwon ido ta tafi taro.

Na tambaye ta ko za su sake fitowa. Ta ce ƙila akwai saura a can ƙasa da hannuna bai kai ba. In akwai, shekara bakwai, ko goma. In babu, to ni ce mutum ta ƙarshe da ta gan su a tsaye a duniya.

Ban san na zauna ba sai da na ji kujera a ƙarƙashina.

Sai ta ce, "Ina kika zuba ganyen?" Na ce a kwari. "Za ki gane wurin?" Na ce zan gane. Ta ce ƙasar nan tsirara take, kowace rana ƙara mutuwa take yi. Ba ta so ta nuna wa mutum na huɗu wurin, bayanta kuma ba ya ɗaukar kaya. "Ke kika kwashe. Ke za ki mayar. Amma wannan karon sai an koya miki."

Lahadi, 28 ga Yuli

Na gaya masa na je. Ya ajiye cokali. Na zaci yau dai za a yi faɗan. Ya ce, "Ta ce ki mayar?" Na ce e. Ya ce, "Ba a zubawa haka kawai."

Ya fita bayan gida ya dawo da ganye cike da hannu biyu, ya baje a kan tabarma, a tsakiyar ɗakina da na goge da safe. Na matso na zauna. Ya ware kashi uku. Baƙi wanda ya zama kamar ƙasa, shi ne a ƙasa. Mai ruwan ƙasa da ya fara laushi, a tsakiya. Busasshe a sama, sakwa-sakwa, kar a danna. In na ga farin zare a jikin wani guntu, in ɗauke shi da hannu biyu in kwantar da shi fuska ƙasa. Ruɓaɓɓen itace a gefen da rana ke faɗuwa. Duwatsun a mayar rafi.

Ya sa na yi a gabansa sau huɗu. Ya ce, "Kin danna." Na sake. "Kin danna." Maganar da ya yi yau ta fi ta shekara biyu. Duk a kan ganye.

Litinin, 5 ga Agusta

Na fara. Dakta ta ba ni takardar izini da makulli, makullinsa, har da 'yar igiyar da ya ɗaura masa. Dole in bi ta ƙofar shiga in nuna masa takardar. Ya karanta ta tun daga sama har ƙasa kamar bai san ni ba, ya buga hatimi.

Abin da na kwashe a yini ɗaya, na yi awa biyar ban mayar da ko kashi ɗaya cikin goma ba. Ruwa ya cakuɗa komai a kwarin, sai na zauna na tsince. Farcena ya yi baƙi. Warin nan da na ce na tsohon rumbu ne yana bi na har gida.

Laraba, 14 ga Agusta

Yau na ga farin zare a jikin wani ɓawo, bai kai tsawon allura ba. Na ɗauke shi da hannu biyu na kwantar da shi fuska ƙasa.

Alhamis, 22 ga Agusta

Matar direba ta ce na yi baƙi, na rame, kuma ina tafiya ina kallon ƙasa kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Ta ce, "Ke da aka aura a kawo gida, ga shi daji ya aure ki." Na yi dariya. Da ta tafi na yi kuka, ba mai yawa ba.

An cire masa audugar. Idon yana gani, amma dishi-dishi. Ya ce likita ya ce iyakarsa ke nan.

Litinin, 9 ga Satumba

Na gama rufe wurin ranar Alhamis. In ba wanda ya sani ba, ba zai ce an taɓa shi ba. Dakta ta zo ta duba, ta tura yatsa cikin ganyen ta sunsuna, ta ce to, saura jira. Ta ce ba sai na riƙa zuwa ba yanzu. Amma ba ta karɓi makullin ba, ni ma ban miƙa ba.

Yau na je. Ba aikin yi, na zauna kawai a kan saiwar Kaka.

Da na fito ƙofa babu baƙi, ruwa ya kore su. Ya duba jakata yadda doka ta ce. Ya miƙo mini, bai sake ta ba. Ya ce, "Me kika gani?"

Na ce, "Babu komai."

Ya ce, "Babu komai kamar yaya?"

Sai na ji ina faɗa masa. Ganyen sama ya kwanta da kansa, ya sauka kamar faɗin yatsa biyu. Gefen rafi ya fi danshi. Tururuwa sun dawo, ƙanana jajaye, sun yi hanya ta ƙarƙashin babban reshen. Wani tsuntsu mai doguwar jela ya zo ya tona gefe ɗaya, na so in kore shi, na fasa. Ya jawo mini benci da ƙafa. Ya ce jajaye duka ko masu baƙin kai? Na ce masu baƙin kai. Ya gyaɗa kai ya ce su ne na da. Ya rufe idanu yana saurare, ya ce ci gaba. Muna nan har aka zo karɓarsa aiki.

Ba cewa nake ya dawo mini ba. A hanyar gida yana gaba ina baya, kamar kullum. Kuma ƙila babu abin da ya rage a ƙarƙashin ganyen nan, ƙila kabari nake yi wa gyara. Na lissafa, in sun fito da wuri ina da shekara talatin.

Inna ta kira da yamma, wai har yanzu ban gama shirin ba ne, ta gyara mini ɗaki tun yaushe. Na ce mata sai ruwa ya ɗauke. Ta ce me ya haɗa tafiyata da ruwa? Na ce shanya ce ba ta bushewa.

Ya ce jibi in duba gefen gabas.